Ka Bar Ƙofa Yadda Ka Same Ta

Wirrabee,
6 ga Janairu.

Zuwa ga ƙanena Clive,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata ka koma Melbourne lafiya, ka kuma iske Janine da yara cikin ƙoshin lafiya. Yaya gajiyar hanya? Yaya ciwon bayan da kake ta yi mini mita a kansa? Gwiwata da sauƙi, jiya likita ya cire zaren ɗinki, har na fara takawa daga ɗaki zuwa kicin da sanda ɗaya. Na gode da kwana takwas ɗin da ka yi kana jinyata, duk da ka ƙona mini tukunya biyu.

Na kira ka sau huɗu ba ka ɗauka ba, shi ya sa na ɗauko takarda da biro kamar yadda Mama ta saba mana. Auta, an kama Jaffa.

Shekaranjiya da hantsi jami'in kula da dabbobi na ƙaramar hukuma ya tsaya a ƙofar gidana da motarsa mai keji. Ya fito da doguwar sandar nan mai zarge a baki, wadda ake kama mahaukacin kare da ita. A kan wa? A kan kare ɗan shekara goma sha ɗaya, wanda haƙoransa na gaba ma sun zube. Jaffa ya ga an buɗe bayan mota, ya ɗauka yawo za a kai shi, ya ɗauko ƙwallonsa a baki ya haye da kansa yana kaɗa wutsiya. Ina tsaye a baranda da sanduna biyu, ba ni da ƙafar da zan sauko matakala uku. Abin da na gaya wa mutumin nan ba zai rubutu a takarda ba.

Ga abin da suka ce. Merv Tulloch ya je hutun sabuwar shekara wurin 'yarsa a bakin teku, ya dawo ranar biyu ga wata ya iske tumakinsa talatin da ɗaya a mace a makiyayarsa ta sama, sun taru a jikin shinge, wasu an yayyage su. Sai matar mai gidan mai ta ce wai ta hango jan kare a sake a kan tudu ranar ashirin da tara ga Disamba. Jan kare! A garin nan in ka jefa dutse a kan jan karen kiwo zai faɗa. Amma da yake hoton Jaffa ne a bangon takardar da na rubuta wa ofishin baƙi masu yawon buɗe ido, ta wuraren da mutum zai iya zuwa da karensa, shi kowa ya sani, shi aka zo aka ɗauka.

Ka san wahalar da na sha a kan Hanyar Rafi. Duwatsu sun kewaye mu ta ko'ina, amma gefe uku gandun dajin gwamnati ne, kare ba ya taka ko ƙafa ɗaya a ciki. Dajin katako kuma rabin shekara cike yake da gubar da ake zuba wa diloli. Abin da ya rage wa masu karnuka a garin nan shi ne filin ƙwallo, da teburan waje na shagon shayi inda ake ajiye musu kwanon ruwa, sai Hanyar Rafi da ta ratsa gonar Merv ta hau tudu ta gangara gurbin da suke iyo. Shekara biyu ina zarya gidansa da kek a hannu kafin ya yarda ya buɗe mana ita. Shekara tara ina jan 'yan yawon Asabar da karnukansu a kanta, ko tunkiya ɗaya ba a taɓa firgita masa ba. Yau ya naɗa wa mashigar sarƙa da kwaɗo, bai ko ɗaga waya ya tambaye ni ba. Mutumin da na yi wa matarsa jinya har ta cika.

Kwamitin ƙaramar hukuma zai zauna ranar biyar ga Fabrairu. In suka yarda Jaffa ne ya kashe tumakin, allurar mutuwa za a yi masa. Haka takardar ta ce, baƙi a kan fari.

To, ranar ashirin da tara kai ka fita da shi, ina kwance. Na tuna ka dawo kana gumi kana zagin tudun. Abin da nake so ɗan kaɗan ne: ka rubuto cewa yana ɗaure a hannunka, ko in ka sake shi ka faɗi inda ka sake shi, ka sa hannu ka aiko. Jaffa ya yi shekara shida yana kiwo kafin in karɓe shi, ya fi Merv sanin darajar tunkiya.

Ka gaida Janine, ka ce na gode da bargon. Ina jiran amsarka cikin makon nan.

Yayarka,
Noreen.

Wirrabee,
15 ga Janairu.

Clive,

Gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Ina kyautata zaton lafiyar ce, domin sau uku na kira wayar gida, sau uku Janine ta ce mini kana wanka. Duk Melbourne ba na jin akwai wanda ya kai ka tsafta. Ni dai ina nan, gwiwa tana lanƙwasuwa kaɗan kaɗan, barci ne babu.

An bar ni na ga Jaffa ranar Talata. Suna tsare da shi a bayan ma'ajiyar motocin shara, a ɗakin siminti mai rufin kwano, cikin wannan zafin. Bai yi haushi ba da ya gan ni. Ya taso a hankali ya jingina goshinsa da wayar kejin, ya tsaya haka. Ba ya cin abincinsu. Na kai masa dafaffiyar kaza, aka ce doka ta hana. Na tambayi jami'in ko dokar ce ta ce a bar tsoho ya kwana a kan siminti, ya ce in rubuta ƙorafi. Na rubuta, shafi uku.

'Yan yawon Asabar kuwa na ga iyakarsu. Mutum goma sha bakwai, waɗanda na koya wa yadda ake cire kaska daga kunnen kare, na ɗauki karen wani a kafaɗa tun daga tudu ranar da maciji ya sare shi. Na ce su sa hannu a takarda cewa sun san halin Jaffa. Shida suka sa. Sauran wai ba sa son su ƙara ɓata wa Merv rai, ko zai huce ya buɗe hanya. Wato a kashe mini kare su samu wurin yawo da nasu. Ranar Asabar na gan su ta taga suna zagaya filin ƙwallo kamar masu jiran bas, ban ji tausayin ko ɗaya ba.

Glenys ce kaɗai take zuwa, ka tuna ta, mai ɗan farin karen nan da ya yi maka fitsari a takalmi. Ita ta kai ni gidan Merv jiya a motarta, amma ta ƙi fitowa, ta ce kanta ke ciwo. Na same shi a rumfar askin tumaki yana gyaran famfo. Ya rame, ban ɓoye maka ba. Tumakin nan zuriyar waɗanda ubansa ya bari ne, shekara arba'in yana zaɓen iri. Na yi masa jaje tukuna, don Mama ba ta haifi marar tarbiyya ba, sannan na ce ya ɗauke ni a akori-kurarsa ya kai ni in ga wurin da idona. Ya yi gunaguni, amma ya kai ni.

Auta, ni 'yar manomi ce. Kare in ya faɗa cikin garke watsa shi yake yi, ka tsinci gawa ɗaya a kwari, ɗaya a gindin itace, ɗaya a maƙale a waya. Waɗannan kuwa wuri guda suka mutu, a bakin ƙofar da ke tsakanin makiyayar sama da ta ƙasa, inda rafi yake. Ƙasar wurin ta daku har ta zama gari. Gashinsu yana nan manne a ƙarafan ƙofar, daidai tsayin kafaɗar tunkiya. Yagar da ke jikinsu kuwa, gawar da ta kwana uku a fili diloli da hankaki za su bar ta ne?

Na ce masa, “Merv, ƙishirwa ce ta kashe tumakin nan. An rufe musu ƙofa.”

Ya ce, “A buɗe na bar ta, da dutse a gindinta, don tafkin sama ya ƙafe. A buɗe kuma na dawo na same ta. Ke da karenki ne kawai ba kwa laifi a garin nan.”

Na ce to wa ya sa shi tafiya shan iskar teku ya bar dabbobi kwana shida ba mai leƙawa, da sakatar ƙofa a karye tun bara? In ɓera da sata, ai daddawa ma da wari. Ya ce in sauka daga motarsa. Da ya tuna ba ni da ƙafa sai ya tuƙo ni har ƙasa.

Ga inda nake. Na san ƙofar nan an rufe ta, shi ya rantse a buɗe ya same ta, kuma Merv duk taurin kansa ba ya ƙarya. Baƙi sun cika gari a makon Kirsimeti, kowa da karensa da takardata a hannu. Wani ɗan birni ne, na tabbata, irin masu ganin sun yi wa manomi alheri. In na kama shi sai ya gane kurensa.

Kai ka bi ta ƙofar nan ranar. A buɗe ka gan ta ko a rufe? Ka ga wani a hanya? Layi biyu kawai nake nema, ba littafi ba. Saura kwana ashirin da ɗaya.

Ka gaida yara. Ka fito daga wankan haka nan.

Yayarka,
Noreen.

Wirrabee,
24 ga Janairu.

Clive,

Ina gaishe ka don an koya mini gaisuwa. Ina fata Janine da yara suna lafiya, su ba su yi mini komai ba. Lafiyarka kuwa na san kana da ita, tunda ka iya hawa tudu ka sauko.

Jiya da la'asar Glenys ta zo da kek, ta zauna a kicin ta kasa shan shayinta. Can sai ta fashe da kuka. Ashe ranar ɗaya ga wata ta hau Hanyar Rafi da karenta da sassafe, kafin rana ta yi zafi. Ta iske ƙofar a rufe, an ɗaure ta tam da igiya. Tumaki sun danno jikinta, na ƙasa sun mutu, na sama suna tsaye a kansu harshe a waje. Ta yi ta fama da ƙullin ya ƙi kwantuwa, ta ciro 'yar wuƙar da take yanka wa karenta nama ta yanke igiyar. Masu sauran rai suka bi ta kanta suka gangara rafi. Tsoro ya kama ta kada a ce ita ce, ko a rufe hanya, ta tura igiyar a aljihu ta gudo gida ta ja bakinta. Kwana ashirin tana kawo mini miya tana kallona ina haukan neman wanda ya rufe ƙofa. Na wanke ta tas, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma ko ba komai ita ta ceci tumaki sittin, kuma ita ta zo da ƙafarta.

Sai ta ciro igiyar ta ajiye mini a kan tebur. Shuɗiyar igiyar ɗaure damin ciyawa ce, irin wadda take rataye a kowane shinge. Ta yanke ta ta gefe, ƙullin yana nan yadda aka yi shi.

Zagaye biyu, ɗaya a kan ɗaya, a mayar da bakin igiya baya a cusa shi ƙarƙashin na farko, a ja har ya kwanta. Auta, mutum nawa ne a duniya suke wannan ƙullin? Baba yana kabari shekara ashirin da biyu. Ni ranar ina kwance da ƙafa a kan matashi. Da wannan ƙullin ka ɗaure mini buhun shara duk kwana takwas ɗin da ka yi a gidan nan. Na zauna ina kallonsa har shayi ya huce, Glenys tana tambayata ko jikin ne. Ban gaya mata ba.

Ashe ɗan birnin da nake cewa zan kama, a ɗakin baƙina ya kwana. Ashe wankan da kake ta yi ke nan.

Me aka rubuta a layin farko na takardata, da manyan baƙaƙe? Me aka rubuta a allon da ke jikin mashigar, wanda ni na yi masa fenti da hannuna? Ka bar ƙofa yadda ka same ta. Ba a ce ka rufe ƙofa ba. In ka same ta a rufe ka rufe, in ka same ta a buɗe mai ita ne ya buɗe, kuma ya fi ka sanin dalili. Baƙon da bai taɓa ganin tunkiya ba sai a faranti, in ya yi wannan kuskuren sai a ce rashin sani ne. Kai a gona aka yanke maka cibiya. Ka ga dutse a gindin ƙofa, ka sa ƙafa ka ture shi, ka ga sakata a karye, ka nemo igiya ka ɗaure don kada ta buɗe. Baƙo da ya ja ta kawai ya wuce, iska ta buɗe ta kafin azahar. Sai ɗan gidanmu ne zai yi aikin da kyau haka. Kwana uku zafi yana haura digiri arba'in, suna jin ƙarar rafi a ƙasansu.

Na san daga inda abin ya fito, kada ka zaci na manta. Kana shekara tara ka bar ƙofar garken shanu a buɗe ranar kasuwar dabbobi, suka fantsama kan titi, Baba ya zare bel ya dake ka a gaban mutanen gari. Da muka koma gida ya tsayar da kai a rana kana ɗaure ƙofa kana kwancewa har yatsunka suka fashe. Ni na shafa maka man shanu a hannu. Tun daga ranar ba ka taɓa wuce buɗaɗɗiyar ƙofa ba, ko ta kabad ce. Ka bar garin nan kana sha bakwai da rabin dokar a kanka, rabin da aka koya maka da bel. Wannan na fahimta, har na yi maka kuka a kai jiya, abin da ya ƙara ba ni haushi.

Abin da ban fahimta ba shi ne shirun. Ka karanta wasiƙata ta farko, ka san abin da hannunka ya yi. Ka karanta ta biyu. Ka bar karen da ya kwana a ƙafafunka dare takwas yana jiran allura a kan laifinka. Rufe ƙofar kuskure ne. Kwana goma sha takwas ɗin nan kuwa da saninka ka yi su.

Maganar Glenys ita kaɗai ba za ta isa ba. Ta riga ta ɓoye gaskiya sau ɗaya, kuma kowa ya san ƙawata ce, za a ce mun kitsa ne. Merv zai ce wa ya ɗaure, kwamiti ma haka. Tafiyar awa huɗu ce daga ƙofarka zuwa tasa. Ka zo ka tsaya a gabansa ka ce kai ne. Ba zai dake ka ba, Baba ya mutu.

Saura kwana goma sha biyu.

Noreen.

Wirrabee,
4 ga Fabrairu.

Zuwa ga ƙanena Clive,

Bayan gaisuwa, ina fata kana lafiya, da Janine da yara. Gwiwa ta yi kyau, na ajiye sanda sai in zan hau matakala.

Saƙonka ya shigo wayata ranar Laraba, na karanta shi har na haddace. Ka ce ka ɗauka taimako ka yi. Ka ce tun da ka ga wasiƙata ba ka iya cin abinci. Ka ce ba za ka iya tsayawa a gaban mutanen Wirrabee a sake nuna ka da yatsa a kan ƙofa ba. Har nan ina tare da kai. Sai ka rufe da cewa, “Yaya, ki duba, karen nan fa ya tsufa, ko ba wannan ba saura masa shekara nawa?” Da kana kusa da ni lokacin, da sandar ta yi aiki na ƙarshe kafin in ajiye ta. Ni ma na tsufa, Auta. Saura mini shekara nawa? Ka lissafa ka gaya mini, in san matsayina.

Bari in gaya maka wautar da yayarka ta yi saboda kai. Ranar Alhamis na sa Glenys ta kai ni gidan Merv, wannan karon na ce ko kanta zai rabe biyu sai ta fito. Ta faɗa masa abin da ta gani. Ya saurara bai katse ta ba. Na ajiye igiyar a kan bayan motarsa. Ya ɗauka ya jujjuya, ya ce to wa ya ɗaure. Ni kuma, 'yar shekara sittin da huɗu, wadda ba ta taɓa yi wa mutumin nan ƙarya ba, na zaro wata igiya daga shingensa na yi ƙullin a gabansa, na ce ni ce. Na ce na lallaɓa da sanduna na hau. Har yanzu in na tuna sai in ji kamar in mari kaina. Kana can kana lissafin shekarun karena, ni ina nan ina zubar da mutuncina don in rufa maka asiri.

Merv ya dube ni, ya dubi gwiwata. Ya ce, “Noreen, ranar ashirin da tara ko banɗaki sai an riƙe ki. Ajinmu ɗaya da ƙaninki. Ina tsaye a kasuwar dabbobi ranar da tsohonku ya dake shi, ban manta ba.”

Ya juya mana baya ya daɗe yana kallon tudu. Da ya juyo idonsa ya yi ja, ya ce da ya ɗaure ƙofar a buɗe da waya maimakon dutse, da ya roƙi wani ya leƙa, da duk ba a kai nan ba. Ya ce kare ya fi sauƙin zargi, shi ya sa ya kama shi. A gabanmu ya kira ƙaramar hukuma ya janye ƙararsa. Ban yafe masa sandar zargen nan ba tukuna, amma na ga namiji ya faɗi nasa laifin a tsaye, da rana tsaka, a gaban mata biyu.

Jaffa ya dawo gida ranar Juma'a. Kwana ashirin da bakwai. Ana ƙirga haƙarƙarinsa, gwiwoyinsa sun yi kanta saboda siminti, ƙwallon nasa ma sun ɓatar. Yana cin kaza kaɗan kaɗan daga hannuna. Abin da ya fi ci mini rai, in na ɗauko igiyar yawo ya daina tsalle. In mota ta tsaya a waje sai ya shige ƙarƙashin gadon ɗakin baƙi, gadon da ka kwana a kai. Jiya na kai shi filin ƙwallo, muka zagaya sau ɗaya, ya tsaya yana kallon tudu.

Hanyar Rafi tana nan a kulle. 'Yan yawon Asabar sun tura wakilai, har da masu ƙin sa hannu, yanzu kowa ya zama masoyin Jaffa. Merv ya ce musu ba da su yake ba. Ni ya kira gefe ya ba ni saƙo, ga shi yadda ya faɗa: “Ba na son ko sisinsa, ba na kai shi ko'ina, ba kuma zan faɗa wa kowa sunansa ba. Wanda ya ɗaure ya zo ya kwance ƙullinsa a gabana, mu hau tare in nuna masa inda na binne su. Ranar zan cire kwaɗon.”

Ka ji. Babu taron kasuwa, babu bel. Mutum ɗaya ne da ya yi asarar aikin shekara arba'in yake so a dube shi a ido. Karnukan garin nan kaf suna zagaya filin ƙwallo suna jiran ka gama jin kunya.

Za ka ji wani abu mai tauri a cikin ambulan ɗin nan. Igiyar ce. Na iya kwance ƙullin, ka sani, da ido a rufe ma. Ban taɓa shi ba, don ba nawa ba ne. In ka ga dama ka jefa shi a shara, ba mai sani sai ni da kai. In ka ga dama ka sa shi a aljihu ka shiga mota. Merv yana gida kowace Asabar.

Ban huce ba, kada ka karanta wannan ka ɗauka na huce. Ban san ranar da zan huce ba. In ka zo ba zan yi maka kek ba, kuma sai ka ji sauran abin da takarda ta kasa ɗauka. Glenys ta ce in ita ce ta shafe ka daga cikin danginta, na ce mata hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, ta kula da nata.

Ka gaida Janine, ka ce ta daina yi maka ƙaryar wanka, ba ta iya ba. Ka gaida yara.

Ƙofar gidana a buɗe ka same ta ranar da ka zo. Haka na bar ta.

Yayarka,
Noreen.